Zuciyar Aro

Ni dillali ne a Dilimi.
Na sayar da giyabos, na sayar da kan injin tirela,
har janareton da ya mutu sau uku na taɓa samar wa uban gida,
amma ban taɓa cinikin abin da ya san sama ba
sai ranar da Baba Dalyop ya aiko a kira ni Heipang.

Rumfar kwano ce a bayan gonar dankali.
Ga shi nan durƙushe kan taya ɗaya da kututture,
tsohon jirgin yaƙi, hanci a sama kamar mai jiran kira.
Fentinsa ya yi furfura.
Kaza ta saka ƙwai inda matuƙi ke zama.
A gwanjo ya saye shi, in ji shi, bisa sikeli,
kilo-kilo kamar ƙarfen bola,
da kuɗin sallamar shekara talatin na kwance noti.

Injin asali ya sandare tun ban yi gemu ba.
Silinda tara a zagaye, kamar masu cin tuwo a akushi guda,
babu mai ɗaga hannu.
Sai ya samo wani, na jirgin feshi
da ya ƙare kwanansa yana korar fara,
ya ɗauko shi a bayan tifa,
ya rataye shi da sarƙa a reshen turare.
Damina shida yana lallashin ƙarfe ya karɓi ƙarfe.
Kafar kusa ba ta zo daidai ba, ya goge.
Nauyi ya rinjayi gaba, ya ɗura dalma a wutsiya.

Mai saye, Alhaji Barau, ya iso da waya a kunne.
Wai can wata ƙasa akwai masu tseren tsofaffin jirage,
suna kewaya turaku ƙasa-ƙasa
kamar shaho ya hango ɗan tsako.
Gangar jikin suke so.
Injin a cire, suna da nasu mai ƙarfin doki dubu biyu.

Na ce, Baba, an taya.
Ya ce, albarka.
Na ƙara. Albarka.
Sanyi ya bi ta wuyan rigata.
Ya ce, yaro, ka taɓa ganin an sayi sa a tsaye
aka ce a bar zuciyarsa a gida?

Bari dai ya yi magana da bakinsa.

Ya zuba fetur daga jarka, ya juya farfela da hannu,
ɗaya, biyu, ya tofa wata kalma da Birom.
Tari. Hayaƙi shuɗi. Tari kuma.
Sai ƙasa ta kama rawa ƙarƙashin takalmana,
kwano ya ɗau kuwwa, hular Alhaji ta tafi Bukuru,
mata a kunyar dankali suka miƙe riƙe da fartanya,
dutsen da ke kan dutse ma na rantse ya gyara zama.
Minti huɗu.
Da ya kashe, kunnena ya ci gaba da tafiya ba ni.

Jikarsa Chundung tana bakin ƙofa
da takardar makarantar tuƙin jirgi a ninke cikin tafinta,
wa'adin biya Litinin.
Bai dube ta ba. Reshen turaren ya duba.
Ya ce, na sallama.

Kwana biyu muna kwance abin da ya ɗaura a damina shida.
Aka cire fukafukai, tirela ta haɗiye gangar,
ta gangara Hawan Kibo tana nishi.
Na ƙirga la'adata sau biyu, ta cika, ba ta yi daɗi ba.

Injin yana nan bisa tayoyin mota, ɗaure da itacen.
Duk Asabar, an ce, yakan tashe shi,
ya tsaya a bayansa rigarsa na kaɗawa,
iska na wucewa da gudu
zuwa inda su biyun ba za su je ba.